Kumfar Wanki da Inda Take Ƙarewa

Shekaru sittin zuwa saba'in da suka wuce, kayan wanki a yawancin gidajen ƙasar Hausa ba su wuce daro da guga da curin sabulun salo ba. Yau kuwa, ko a ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, za a tarar da ledojin omo rataye a shagon bakin hanya, ja da shuɗi da kore, kowanne yana alƙawarin fitar da datti da jiƙo ɗaya. Sauƙin da aka samu na gaske ne, kuma tsofaffin da suka sha cuɗa har hannu ya yi kanta su ne shaida. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Idan an gama ɗauraya, aka tuntsurar da baho, ina ruwan nan yake nufa, kuma me ya ɗauko? Jamusawa da Amurkawa da Japanawa sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su samo amsa, kuma abin da ya same su ya shafi duk mai zubar da ruwan wanki a kwata.

Sabulun da kakanni suka sani daga gona yake fitowa. Bayan kaka, mata sukan tara karan dawa ko na gero su ƙone, su kwashe tokar su zuba a tukunyar da aka huda gindinta, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa don ta tace. Sai a riƙa zuba ruwa a kai yana ɗiga a hankali cikin wata tukunyar, ja-ja-ja, mai kaifin da in ya taɓa harshe sai ya yi zafi. Wannan ruwan tokar ake ɗorawa a wuta har ya tsotse, sannan a zuba kitse ko man gyaɗa ko man kaɗanya, a yi ta juyawa da muciya, hayaƙi na shiga ido, har ya yi kauri ya yi baƙi. In ya huce a cura shi, a kai kasuwa. A kudu, inda ba a rasa koko da ayaba, ɓawonsu ake ƙonawa, a haɗa da manja ko man ƙwara. Makiyaya da mutanen daji kuma suna da nasu: ɓawon aduwa da saiwarta, in an daddaka an jiƙa, suna yin kumfa su wanke tufa.

Irin wannan sabulu ba ya daɗewa a ƙasa ko a ruwa. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cinye shi cikin ɗan lokaci, domin asalinsa mai ne da toka. Amma yana da rauni guda, wanda duk macen da rijiyar unguwarsu ke da zartsi ta san shi. A irin wannan ruwa sabulu ba ya kumfa, sai ya guntse ya bar dauɗa-dauɗa a bakin daro, farar riga kuma ta riƙa dusashewa. Dalili shi ne ma'adinan kalsiyam da magnisiyam da ke cikin ruwan suna kama sabulun su kashe masa ƙarfi. Neman maganin wannan rauni, tare da ƙarancin mai a lokacin yaƙi, shi ya haifar da garin wankin zamani.

A shekarar 1907 kamfanin Henkel na Jamus ya fitar da Persil, garin sabulu mai sinadarin faranta tufa a ciki. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa kitse da mai suka yi wuya, masana a Jamus suka fara haɗa abin wanki daga sinadarai ba tare da kitse ba. Babban juyin ya zo a 1946, lokacin da kamfanin Procter & Gamble ya fitar da Tide a Amurka. An haɗa abu biyu a cikinsa: sinadarin da ke ɓamɓaro maiƙo daga zare, da kuma fosfet, wanda aikinsa ya ɗaure ma'adinan nan na ruwan zartsi don kada su hana wanki fita. Abin ya karɓu nan da nan. Zuwa 1953, Amurkawa sun fi sayen wannan sabon gari a kan sabulu.

A Najeriya, sabulun kanti ya riga omo zuwa. Kamfanin Lever Brothers ya kafu a ƙasar tun 1923, ya gina masana'anta a Apapa, kuma dogon sabulun nan na Key da ake yankawa da wuƙa ya shiga kasuwannin Arewa. Omo ya biyo baya a shekarun 1960, sannan Elephant na kamfanin PZ, sai Ariel da Klin da sauransu. Abin da ya kai shi kowane lungu shi ne ƙaramar leda, wadda mai ƙaramin ƙarfi zai saya ya yi wankin yini guda. Daga nan bula da bugu suka fara ja da baya, sabulun salo ya koma na wanka da gyaran jiki.

Tun kafin ya gama zama a nan, can inda aka ƙirƙire shi an fara ganin aibinsa. Sinadarin da aka fi amfani da shi a lokacin daga man fetur aka samo shi, kuma ƙirarsa ta sa ƙwayoyin bakteriya ba sa iya narkar da shi. Yakan ratsa matatar ƙazamin ruwa ya fita kamar yadda ya shiga. A bazarar 1959, wadda aka yi ƙarancin ruwan sama a Jamus, koguna suka janye, kumfa ta taru tuli-tuli a madatsai da mashigar jiragen ruwa, iska na kwasarta tana watsawa a kan hanya. A wasu garuruwan Amurka mutum ya buɗe famfo ya ga ruwan sha yana kumfa a kofi. Jamus ta Yamma ta yi doka a 1961, ta fara aiki a 1964, cewa dole kashi 80 cikin 100 na sinadarin ya zama mai ruɓewa. Kamfanonin Amurka suka sauya nasu a 1965. A gundumar Suffolk ta jihar New York, inda jama'a suka dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa, an kai ga haramta sayar da garin wankin baki ɗaya a 1971, kuma haramcin ya yi kusan shekara goma.

Kumfa ta lafa, sai ga matsala ta biyu wadda ta fi ta girma, domin ita ba a ganinta a baho. Fosfet taki ne. Sinadarin fosfaras da ke cikinsa shi ne dai wanda manomi ke saye a buhun takin zamani. In ya shiga tafki, gansakuka ce ke samun abinci, sai ta yi ta haihuwa har ta rufe fuskar ruwa. In ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta zuƙe iskar oksijin da ke ƙasa, kifi ya rasa abin shaƙa ya taso matacce. Haka ta faru da Tafkin Erie, wanda ke tsakanin Amurka da Kanada, kuma shi ne mafi ƙarancin zurfi cikin manyan tafkuna biyar na yankin. Ƙazamin ruwan birane irin su Detroit da Toledo da Cleveland a cikinsa yake ƙarewa. A ƙarshen shekarun 1960 gaɓarsa ta cika da ruɓaɓɓiyar gansakuka da gawar kifi, har jaridu suka riƙa cewa tafkin ya mutu.

Masu kamfanonin wanki ba su yarda laifin fosfet ba ne. Suka ce sinadarin kabon ne ke ciyar da gansakuka. Wanda ya raba gardamar wani masanin ruwa ne mai suna David Schindler, wanda ke jagorantar bincike a wasu ƙananan tafkuna da gwamnatin Kanada ta keɓe don gwaji a arewa maso yammacin Ontario. A 1973 shi da abokan aikinsa suka zaɓi tafki mai lamba 226, mai siririn ƙugu a tsakiya, suka raba shi biyu da labulen roba. Kowane ɓangare suka zuba masa kabon da naitirojin daidai wa daida, amma ɓangare ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfaras. Kafin ƙarshen bazara, wanda aka ƙara wa fosfaras ya koma kore shar kamar miyar kuka, ɗayan kuwa yana nan garau. Suka ɗauki hoton daga sama, aka buga a mujallar Science a 1974. Ɗan majalisar da bai taɓa karanta kimiyya ba ma in ya kalli hoton nan ya gane zancen.

Dokoki sun riga sun fara fitowa, hoton ya ƙara musu ƙarfi. Kanada ta rage fosfet a garin wanki tun 1970. Birnin Shikago da jihar Indiana suna cikin na farko da suka hana shi a Amurka. A watan Afrilun 1972, Shugaba Richard Nixon da Firaminista Pierre Trudeau suka sa hannu a Ottawa kan yarjejeniyar tsabtace manyan tafkunan. Aka gyara matatun ƙazamin ruwa, aka rage fosfet, kuma cikin shekarun 1980 Erie ya farfaɗo, kifi ya dawo.

Labarin Japan ya fi kusa da zuciya, domin matan gida ne suka ja ragamarsa. A watan Mayun 1977 ruwan Biwa, tafki mafi girma a ƙasar, wanda miliyoyin mutanen Kyoto da Osaka ke sha, ya rine ya yi ja, yana ƙarni. Da matan lardin Shiga suka ji cewa garin wankinsu yana da hannu a ciki, sai suka daina sayensa, suka koma garin sabulu. Suka bi gida-gida suna nuna wa juna yadda ake wanki da shi, wasu suka riƙa tara ragowar man suya ana mayar da shi sabulu. Hukuma ta bi bayansu: a 1979 majalisar lardin ta haramta sayarwa da amfani da garin wanki mai fosfet, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1980. Ba a daɗe ba kamfanonin Japan suka koma yin marar fosfet. Har yau 1 ga Yuli ranar Tafkin Biwa ce a Shiga.

Abin da ya sauƙaƙa sauyin shi ne an samo madadi. A shekarun 1970 aka fara sa ziyolait, wani farin gari dangin yumɓu, wanda ke kama ma'adinan ruwa ba tare da ya ciyar da gansakuka ba. Suwizalan ta hana fosfet a garin wanki a 1986, kamfanonin Amurka suka cire shi a tsakiyar shekarun 1990, Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen Yunin 2013 ta iyakance fosfaras zuwa ƙasa da rabin giram a awon wanki guda. Duk da haka Erie bai tsira gaba ɗaya ba. A watan Agustan 2014 mutum sama da 400,000 a Toledo da kewaye suka kwana uku ba sa shan ruwan famfo saboda gubar gansakuka, wannan karon galibi daga takin gonaki da ruwan sama ke wankowa.

Duk waɗannan ƙasashe suna da bututun da ke kwashe ruwan gida ya kai shi matata. A nan ne bambancinsu da ƙasar Hausa yake. In ban da sassan Abuja da ke haɗe da matatar Wupa da wasu 'yan wurare, ruwan wanki a biranen Arewa daga tsakar gida sai rariya, daga rariya sai kwata, daga kwata sai kududdufi ko rafi. A Kano, Jakara ce ke ɗebe ruwan tsohon birni, ta haɗu da Getsi mai ɗauko na masana'antun Bompai, su gangara madatsar Wasai. A kan hanya masu lambu suna jan ruwan da inji suna ban ruwan latas da alayyafo da kabeji, waɗanda washegari suke kasuwa. A Yamai, kwarin Gunti Yena yana yin irin wannan aikin, ya juye cikin Kogin Kwara, inda 'yan wanki ke tsaye a ruwa har gwiwa suna bugun kaya a kan dutse. Kududdufin unguwa da ya yi kore, ya lulluɓe da kainuwa yana wari da rani, alamar ruwan da taki ya yi wa yawa ce.

Adalci ne a faɗi cewa omo ba shi ne babban mai laifi a waɗannan ruwaye ba. Bahaya da shara da dagwalon majema da na mayanka sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Amma waɗancan sai hukuma da kuɗi masu yawa. Na wanki kuwa yana hannun uwargida da ɗan wanki da guga da ɗalibin makarantar kwana, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo, ragi ma yake kawowa.

Akwai kuma sabon abu da ya kamata a sa wa ido. A 'yan shekarun nan koyon haɗa sabulun ruwa ya zama ruwan dare a tarukan koya wa mata sana'a, kuma ya rufa wa gidaje da dama asiri. Mai koyo takan je wurin masu sayar da kemikal da 'yar takarda, a auna mata soda mai ƙuna da salfonik da mai ƙara kumfa da kala da turare, kowanne a ƙulle a farar leda. Cikin jerin sau da yawa akwai wani farin gari da ake kira STPP. Shi ne ainihin fosfet ɗin da aka yi shekara arba'in ana fama a raba shi da garin wanki a Turai da Amurka. Wasu kuma suna ɗiga fomalin don kada haɗin ya lalace, alhali Hukumar Binciken Kansa ta Duniya ta sa sinadarinsa cikin masu jawo kansa. Mai haɗawa ba ta da laifi, abin da aka koya mata ke nan. Masu koyarwar ne ya kamata su sani cewa sabulun ruwa yana yiwuwa ba da waɗannan biyun ba, su kuma riƙa faɗa.

To mai saye fa, da me zai gane na kirki? Abu na farko shi ne juya leda a duba baya. Wanda ya rubuta abubuwan da ke ciki, da lambar rajistar NAFDAC, da awon da za a zuba, ya fi wanda ya cika gaba da hoton ganye da furanni ya yi shiru a baya. In an rubuta cewa babu fosfet, ci gaba ne. Kayan da aka shigo da su daga Turai wani lokaci suna ɗauke da tambarin da hukuma ke bayarwa bayan gwaji, kamar Blue Angel na Jamus da aka fara a 1978, ko furen Tarayyar Turai na 1992. Koren launi a jikin kwali kuwa kowa na iya bugawa.

Cewa abu daga tsiro ya fito ma ba ta wanke shi. Aduwar nan da ke wanke tufa, masunta sun daɗe da sanin cewa in an zuba ɓawonta a ruwa kifi yana buguwa ya taso. Yawancin sinadaran wanki da ake tallatawa da sunan na itatuwa daga man ƙwara ake yin su, kuma an sare dazuzzuka masu yawa a Indonesiya da Malesiya don dasa kwakwar manja. Saboda haka komai kyan sabulu, bai kamata a zuba shi kai tsaye cikin rafi ko tafki ba.

Abin da ya fi zaɓi muhimmanci shi ne awo. An saba auna ƙarfin omo da yawan kumfarsa, har mai wanki ya riƙa ƙara barbaɗawa in ya ga ta kwanta. Kumfa ba ta fitar da datti. Garin da ake yi don injin wanki da gangan ake rage masa ita, kuma kaya suna fita tas. Abin da yawan kumfa ke jawowa shi ne ɗauraya uku ko huɗu maimakon biyu, a garin da ake sayen kowace jarka a hannun 'yan garuwa, sannan ragowar da ta maƙale a zare ta sa wa jariri ƙaiƙayi. Gogaggun 'yan wanki suna da tsarinsu: a ware farare daga masu launi, a narkar da garin a ruwa kafin a sa kaya, a jiƙa na rabin awa ko fiye, a goga sabulu a wuya da hammata da bakin hannu kawai. Yawancin garin zamani yana da sinadaran da ke narkar da tabon miya da jini da gumi, kuma jiƙo ne ke ba su damar aiki, ko a ruwan sanyi. Farar tufa in ta sha rana a kan igiya, buƙatar bilic takan ragu. Shadda da atamfa ma sun fi daɗewa da ƙyallinsu in ba a dame su da gari mai kaifi ba.

Sai wurin zubarwa. Wanda ke wanki a bakin kogi, gara ya ɗebi ruwa ya matsa tudu, ya zubar a ƙasa, domin ƙasa tana tacewa, ƙwayoyin cikinta kuma suna cinye mafi yawan sinadarin kafin ya isa ruwa. Kada a zubar kusa da bakin rijiya. Ruwan ɗauraya na ƙarshe yana yi wa bishiyar tsakar gida amfani ko yayyafin ƙura, amma na farko mai kauri, musamman na gari, yana da gishirin sodiyam da ke daskarar da ƙasa ya ƙona shuka in an dimanci zubawa wuri guda. Mai hali kuma ya sayi babban ƙunshi maimakon ƙananan ledoji ashirin, waɗanda ƙarshensu toshe kwata da damina ko cikin tumbin akuya.

Kasuwar kanta tana sauyawa. A 2023 kamfanin Unilever ya sanar da janyewa daga harkar kayan wanki a Najeriya, Procter & Gamble kuma ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar ya koma shigowa da su. Gurbin da suka bari kamfanonin cikin gida ne ke cikewa, har da masu masana'anta a Kano, tare da dubban mata masu haɗawa a gida. Wannan ne lokacin da ya dace a kafa ƙa'ida, tun kafin kowa ya saba da nasa haɗin. NAFDAC ce ke rajistar kayan wanki, SON ce ke tsara ma'aunin inganci, NESREA kuma tun 2007 aka ɗora mata tsaron muhalli. Ya kamata su uku su tilasta rubuta abin da ke cikin kowace leda da awon da ya isa bokiti guda, da Hausa da sauran harsunan masu saye, su kuma sa wa fosfet iyaka kamar yadda wasu ƙasashe suka yi shekaru hamsin da suka wuce. Kafin su yi, mai karatu ya gwada rage omon da yake zubawa a wankin wannan makon, ya ƙara lokacin jiƙo, ya kuma bi ruwan da ya zubar da ido ya ga kwatar da ya shiga da inda ta nufa.